Wasan Minti Goma Da Ba Ya Ƙarewa

Akwai wata magana da ta zama tamkar doka a bakin iyaye da malaman makaranta a garuruwan yuraniyom, daga Arlit zuwa Akokan, har ma da Agadas: in dai yaro ba zai rabu da wasan bidiyo ba, to a bar shi ya yi gajere, wanda ake gamawa cikin minti goma, ya tashi ya kama karatunsa. Wasannin nan masu dogon labari kuwa, waɗanda mutum biyu ke haɗa ƙarfi su ƙetare wahalhalu har su kai ƙarshe, an yanke musu hukunci tun kafin a saurare su. Ɓarayin lokaci ne, in ji masu wannan ra'ayi, don kuwa wasan da ke buƙatar awa goma sha wani abu ba shi da gurbi a rayuwar ɗalibi. Maganar tana da daɗin ji, har ta yi kama da hikima. Amma kuskure ce mai tsada, domin ta buɗe ƙofa ga wasan da ya fi cin lokacin yara, ta rufe ta ga wanda ya fi sauƙin tsaidawa.

Abin da ake son tabbatarwa a nan shi ne, wasan haɗin gwiwa mai labari, in an zaɓe shi da kyau, ya fi wasan minti goma dacewa da gajeren zama. Idan kuwa malamai da ƙungiyoyin al'adu suka ci gaba da wofintar da shi, to sun miƙa wa kasuwa ragamar lokacin yara ke nan, a garin da kamfanonin da suka saba tsara wa jama'a lokacinsu suka fara naɗe tabarmarsu.

Gajeren wasa, dogon zama

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan wasa da ke unguwannin biranen Nijar ya san tsarinsu: talabijin biyu ko uku, na'urar PlayStation a ƙarƙashin kowace, benci, ga samari cunkushe a bakin ƙofa. Abin da ke kan allon kusan kullum ɗaya ne, wato ƙwallon ƙafa, ko dai PES da kamfanin Konami ya sauya wa suna zuwa eFootball a 2021, ko FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023. Ana biyan ƴan daloli a kan kowane wasa, wasan kuma bai cika wuce minti goma ba. A nan mai son gajeren wasa yake samun hujjarsa, a nan ne kuma hujjar take rushewa. Wanda ya ci ba ya tashi, jiran mai ƙalubalantarsa yake yi. Wanda aka ci ba ya yarda ya tafi gida da kunya, sai ya nemi ramuwa. Wanda bai samu kujera ba yana tsaye yana jiran layi, yana kallo, yana zuga. Alƙalin wasa ya busa tashi a cikin allo, amma a cikin ɗakin babu mai busawa. Yaron da ya shiga bayan La'asar da niyyar buga wasa ɗaya, kiran Isha'i ne ke fito da shi, in ma ya fito.

Malamin ya ƙirga tsawon wasa, ya manta da tsawon zama. Wannan shi ne tushen kuskuren. Wasan da ke ƙarewa da sauri ba ya barin komai a zuciya sai ƙishirwar a sake, domin babu abin da aka ajiye, babu inda aka dosa, kowane sabon wasa yana share na bayansa kamar yadda iska ke share sawu a rairayi.

Haka lamarin yake a cikin salula. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, an gina shi ne a kan wannan alkawari na gajarta: ana jefa mutum hamsin a tsibiri, a yi ta fafatawa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, duk cikin kimanin minti goma. Sai dai a bayan wannan gajarta akwai lada ga wanda ya shigo kullum, akwai matsayi da ke sauka in an yi sakaci, akwai kayan ado da ake saye da kuɗi na gaske. Masu ƙera irin waɗannan wasanni ba su gajarta su don tausayin ɗalibi ba. Sun gajarta su ne don kalmar nan ta "saura ɗaya" ta yi sauƙin faɗa.

Dabarar tsohuwa ce. A 1985 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gauntlet, wasan da mutum huɗu ke yi tare a kan akwati ɗaya mai cin sulalla. Ƙarfin jarumin kowane ɗan wasa yana raguwa da kansa ko da ba abin da ya taɓa shi, kuma hanya mafi sauri ta maido da shi ita ce a jefa wani sulen. Tun a lokacin an gane cewa agogon da ke gudu da sauri aljihu yake nufi. Shekaru talatin da uku bayan haka, a 2018, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake sayarwa a cikin wasu wasanni caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Wasan ƙwallon da ake yi wa kallon mai aminci saboda gajartarsa, wani sashensa ne wata ƙasa ta sanya a sahun caca.

Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta shigar da jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka a 2019, kundin da ya fara aiki a Janairun 2022, ba ta auna cutar da tsawon wasa guda ba. Alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa mallakar kansa wajen farawa da tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da ya ga illa. Ma'aunin, ke nan, iya tsayawa ne. To da wannan ma'auni ya kamata a auna wasan haɗin gwiwa.

Tafiya mai zango

Misali mafi shahara shi ne It Takes Two, wanda kamfanin Hazelight na birnin Istokholm ya fitar a watan Maris na 2021. Shugaban kamfanin, Josef Fares, an haife shi a Beirut a 1977, ya girma a Suwidin, ya yi suna a shirya fina-finai kafin ya koma ga wasanni. Wasan ya ci babbar kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards na 2021, kuma zuwa 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 20. Labarin miji da mata ne, Cody da May, da suka yanke shawarar rabuwa. Baƙin cikin ƴarsu Rose ya sa suka wayi gari cikin jikin ƴan tsana biyu, ɗaya na yumɓu ɗaya na katako, kuma ba su da hanyar komawa siffarsu sai sun ratsa gidansu da lambunsu tare, wurin da ya zame musu ƙatuwar duniya mai haɗari.

Tafiyar tana cin kimanin awa goma sha biyu zuwa sha huɗu, wannan adadi ne kuma yake tsorata malamai. Abin da ba su duba ba shi ne yadda aka yanka ta. Babi bakwai ne: rumfar kayan aiki, itace, ɗakin Rose, agogon bango, ƙwallon gilashi mai dusar ƙanƙara, lambu, da ɗakin saman rufi. Kowane babi an raba shi gida-gida, a cikin kowane gida kuma akwai wuraren da na'ura ke ajiye inda aka kai da kanta, ba tare da an umarce ta ba. Babu sunan da ya fi dacewa da waɗannan wurare kamar zango. Mutanen Abzin ba sa buƙatar a yi musu bayani: ayarin gishiri da ke tashi daga duwatsun Ayar zuwa Fashi da Bilma ba ya cin Tenere a yini guda, kuma ba wanda ya taɓa cewa tafiyar ba ta yiwuwa don tana da nisa. Ana sauka, a kwana, a tashi daga inda aka sauka.

Wanda ya faɗi a wasan yana dawowa cikin ƴan daƙiƙoƙi kusa da inda ya faɗi. Wanda ya kashe na'ura yana samun tafiyarsa a zangon ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da wutarsa ta dogara da tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin, tashar da ke aiki tun 1981, inda kuma ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan ƙwallo, wasan ya tafi, sai gardamar wa ke kan gaba da wa zai sake biya. In ta ɗauke ana tsakiyar labari, asarar ba ta wuce ta ƴan mintoci. Bugu da ƙari, mutum biyu suna yin wasan a kan allo ɗaya da aka raba biyu, ba sai da intanet ba.

Malamin da ke ƙin dogon wasa yana yin abin da yake hanawa kullum a ajinsa. Ba a taɓa karance Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da aka fara bugawa a 1937, a darasi guda ba. Ana karanta labari ɗaya, a rufe littafi, a dawo mako mai zuwa. Hasali ma a cikin littafin kansa, dare-dare aku yake ba ɗan sarki labaran. Littattafan marubutan Kano juzu'i-juzu'i suke fitowa, shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 kashi-kashi ake kallonsa tsawon shekaru. Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake cin dogon labari da ƙananan loma. Me ya sa sai da aka zo kan wasa aka manta?

Birkin da ke cikin wasan

Babbar hujja ba ta ma tsaya ga zango ba. It Takes Two ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Babu hanyar da na'ura za ta tsaya a madadin aboki. Ko dai a samu mutum na biyu, ko kuma babu wasa. Kuma an rarraba aikin ta yadda kowa ke riƙe da rabin mabuɗi. A rumfar kayan aiki, Cody ne ke da ƙusoshi, May ke da kan guduma: shi zai jefa ƙusa ta kafe a bango, ita ta maƙala guduma ta yi lilo ta ƙetare, sannan ta buɗe masa hanya. A cikin itace, shi ke fesa ƙaro, ita ke kunna masa ashana. A cikin agogo, shi ke juya lokaci gaba da baya, ita ke raba kanta biyu. A ƙwallon gilashi, kowannensu na riƙe da ɓari ɗaya na maganaɗisu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan an mayar da karin maganar dokar wasa.

Sakamakon wannan tsari a kan lokaci shi ne abin da masu gajeren wasa ba su hango ba. Idan aka kira ɗaya daga cikin yaran biyu aike, ko lokacin salla ya yi, ko uwarsa ta aiko a kira shi, wasan ya tsaya ga su duka biyun. Ɗayan ba zai iya satar hanya cikin dare ya ci gaba shi kaɗai ba. In ma ya samu wani ya ci gaba da shi, ya ci amanar abokin tafiya, yaro kuwa ya san nauyin wannan ba sai an koya masa ba. Jarabar wasa a kaɗaici take girma, ko a cikin taron da kowa ke neman kayar da kowa. Wasan da ba ya tashi sai mutum biyu sun yi alkawarin rana da sa'a, ya zo da birkinsa a jikinsa.

Akwai kuma bambancin abin da yaro ke fita da shi. Daga ɗakin ƙwallo mutum ɗaya ke fita da dariya, ɗayan da haushi. Daga zaman haɗin gwiwa ko dai su biyun sun ƙetare ko su biyun sun maƙale, kuma a tsawon zaman bakinsu bai huta ba: jira ni, jefa yanzu, koma hagu, bari in gwada. Wanda ya fi gwaninta ba ya cin ribar raunin abokinsa, tilas ya koya masa, in ba haka ba shi ma ba ya gaba. Malamin da ya sha wahalar sa ɗalibai aikin rukuni, inda ɗaya ke yi huɗu na kallo, ya kamata ya tsaya ya dubi yadda aka warware wannan matsala a nan.

Garin da agogo ya gina

Wannan muhawara tana da nauyi na musamman a Arlit, domin gari ne da aka gina a kan lokacin da wani ya tsara. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a 1978, garin Akokan ya tashi a gefenta. Shekara da shekaru, aikin karɓa-karɓa na ma'adinai shi ke faɗa wa gidaje lokacin kwana da na tashi, kamfani kuma shi ke samar da gidaje da asibiti da kantuna da wuraren shaƙatawa ga ma'aikatansa, ko da yake waɗanda ke zaune a unguwannin bayan katanga ba su taɓa samun kaso daidai ba. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpai mai suna Arlit, deuxième Paris ya adana tunanin wancan zamani na bunƙasa da abin da ya biyo bayansa, haka ma fim ɗin Amina Weira, La Colère dans le vent, na 2016, wanda ƴar ma'aikacin ma'adinai ce ta shirya shi.

Ranar 31 ga Maris 2021, kwana biyar bayan fitowar wasan da ake magana a kansa, COMINAK ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na kamfanonin kwangila. A watan Yunin 2024 gwamnati ta janye izinin Imuraren daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan al'amura, ba nan ne wurin tattauna su ba. Abin da ya shafi wannan magana shi ne, agogon da ya riƙe garin ya sassauta, kuma yammacin yaro a Akokan yau fili ne da ba mai shi. Tun daga 2014 da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samarin yankin suna jin labarin arzikin dare ɗaya. A irin wannan yanayi, wasan da darasinsa kullum shi ne gwada sa'arka, in ka faɗi sake gwadawa, ba shi ne ya cancanci yabon malamai ba.

Wauta ce a ce wasan bidiyo zai hana saurayi tafiya haƙar zinariya ko kama hanyar Asamaka. Ba ya samar da aiki, ba ya share tarin sharar ma'adinai. Amma ɗabi'ar cika alkawarin zama, da haƙurin bin abu ɗaya tsawon makonni tare da mutum ɗaya, ɗabi'a ce da ake koyo da maimaitawa, kuma iyayen waɗannan yara sun san ta fiye da kowa. Wanda ya yi aiki a ramin Akuta, kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, ya san abin da ake nufi da ranka ya rataya a wuyan abokin aiki. Abin mamaki ne a ce ƴaƴan irin waɗannan mutane, wasan kowa-ta-kansa kaɗai aka amince musu.

Inda masu suka ke da gaskiya

Raddi ba ya zama na adalci sai ya amsa abin da abokin gardama ya faɗa daidai. Na farko, minti goma ba ta isa. Tun da kowane sashe na zuwa da sababbin kayan aiki da sai an koya, ga kuma gajerun fina-finai da ke ɗauke da labarin, zaman da bai kai rabin awa ba yana ƙarewa ne kafin hannu ya faɗa. Abin da ya dace shi ne minti talatin zuwa arba'in da biyar, kusan tsawon darasi guda. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: awa goma sha uku, in aka raba ta zama-zama na minti arba'in da biyar, ta ba da zama goma sha bakwai ko sha takwas. Sau biyu a mako, wata biyu ke nan da ƴan kwanaki, awa ɗaya da rabi a kowane mako. Yaron ɗakin ƙwallo yana cinye fiye da haka a yammaci guda.

Na biyu, ba kowane wasan haɗin gwiwa ne ke da wannan hali ba. Manyan wasannin intanet irin su World of Warcraft da Destiny suna da yaƙe-yaƙen rukuni da kan ci awowi, ba a tsayar da su, wanda ya fita kuma ya jefa sauran cikin asara. Waɗannan kam hukuncin malamai ya hau kansu daidai. Saboda haka kafin a shigo da wasa gidan matasa sai a yi masa tambayoyi: ana iya tsayar da shi a ajiye inda aka kai a kowane lokaci? Yana aiki a allo ɗaya ba tare da intanet ba? Yana sayar da wani abu a cikinsa bayan an saye shi? Yana da ƙarshe? Wasan da ya faɗi a waɗannan, a bar shi a waje.

Na uku, abin da ke cikin labarin. Tsarin tantance shekaru na Turai, PEGI, ya ba It Takes Two shekara 12. Maganar rabuwar aure ce ginshiƙinsa, akwai kuma wurin da iyayen biyu ke halaka wata ƴar tsanar giwa ta ƴarsu da gangan, wurin da ya tayar wa manya da yawa hankali balle yara. A Way Out na wannan kamfani, da ya fito a 2018, labarin fursunoni biyu ne da ke tserewa daga kurkuku, na ƴan shekara 18 ne, ba shi da wuri a makaranta. Split Fiction na 2025 na ƴan shekara 16 ne. Ga ƙanana akwai Unravel Two na 2018, inda halittu biyu na zare, ɗaure da igiya ɗaya, ke taimakon juna su hau su sauka, kusan ba magana a cikinsa. Dole babba ya fara ganin wasa kafin ya miƙa wa yaro, kamar yadda ba a raba wa aji littafin da malami bai karanta ba.

Na huɗu, harshe. A cikin It Takes Two babu Hausa babu Tamajak. Wannan gaskiya ne, abin takaici ne kuma. Sai dai maganar da ta fi yawa a zaman ita ce ta yaran biyu a tsakaninsu, wannan kuwa da harshen gida ake yin ta. Ƙungiyar al'adu mai basira za ta sa kowane zama ya ƙare da minti biyar na ba da labarin abin da ya faru, da Hausa ko Tamajak, wani ya rubuta. Daga nan ake fara tunanin ƙera na gida. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion a 2016, wasa mai dogon labari da aka gina a kan al'adun Afirka. Wanda bai taɓa bin dogon labari a wasa ba, ba zai yi mafarkin rubuta na ayarin Bilma ba.

Aikin wa ne?

Kasuwa ba za ta kawo wannan wasa ba, kuma bai kamata a ga laifin mai ɗakin wasa ba. Abincinsa yana cikin yawan wasannin da aka buga a kujera ɗaya. Yara biyu da za su zauna minti arba'in suna shawara a kan yadda za su ƙetare rami asara ce gare shi, balle a ce ya riƙa adana wa kowa inda ya tsaya. Iyaye ƙalilan ne ke da halin sayen na'ura a gida. Saura makarantu, da gidajen matasa da al'adu, da ƙungiyoyin unguwa. Ƙasar da ta taɓa tsara matasanta cikin Samariya a zamanin Seyni Kountché, ta gina ajujuwa da gayya, ba ta rasa sanin yadda ake haɗa kai a mallaki abu ɗaya ba.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: na'ura ɗaya, ko da PlayStation 4 ce ta hannu, wadda ta fito tun 2013, abin sarrafawa biyu, waɗanda yara ke kira manet, talabijin, da littafin rajista. A rubuta sunayen yara bibbiyu, da ranarsu, da sa'arsu, da zangon da suka tsaya, a buɗe wa kowane biyu asusunsu a na'urar don kada tafiyar wasu ta share ta wasu. Wanda ya saɓa alkawari sau biyu ba uzuri, a ba wasu gurbin. Babba ɗaya ya zauna da agogo. A kuma ware ranaku na ƴan mata, domin ɗakunan wasa na kasuwa wuraren maza ne, kuma hukuncin nan na gajeren wasa, a aikace, ma'anarsa ita ce yarinya ba ta wasa ko kaɗan.

Malaman da suka riƙe tsohuwar magana suna da niyya mai kyau, tsoron da suke ji wa lokacin ɗalibansu tsoro ne na gaskiya. Amma sun yi wa wasa tambayar da ba ita ba. Sun tambayi minti nawa yake ci, alhali abin tambaya shi ne, in lokaci ya cika, me zai sa yaro ya tashi, kuma me zai samu in ya dawo. A ɗakin ƙwallo da cikin salula, ba abin da ke tayar da shi sai ƙarewar kuɗi ko mutuwar batir, in ya dawo kuma daga farko zai soma. A zaman haɗin gwiwa, tashin abokinsa ne ke tayar da shi, in ya dawo ranar Asabar zai tarar da tafiyarsu a zangon da suka bar ta, da abokin yana jiransa a kan benci. Ƙungiyar da ke da ɗaki da wuta da babba mai agogo, ba ta da sauran hujjar barin yaran Arlit da Akokan a hannun wasan da ba ya ƙarewa.